Bashin sati-sati: wai da gaske shi ne maganin talauci?

Hamma_Bolari:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan tunda na san a cikinmu akwai 'yan kasuwa da malamai har da waɗanda suka yi aikin banki. Goggona ƙanwar babanmu ta fi shekara goma tana suyar awara da ƙosai a ƙofar gida, da wannan kaskon ta aurar da 'ya'ya biyu. Bara maƙwabciyarta ta shigar da ita ƙungiyar mata masu karɓar bashin ƙaramin banki, irin wanda ake biya sati-sati. A takarda an rubuta dubu 100 amma dubu 85 aka danƙa mata, wai dubu 10 ajiya ce ta dole sai ta gama biya, dubu 5 kuma kuɗin fom da inshora, sannan za ta riƙa kai dubu 5 duk ranar Talata har sati 24. Wata biyun farko lafiya lau. Daga nan waken suya ya tashi, mai ya tashi, jikanta ya kwanta aka ba su gado kwana biyar ba ta ɗora kasko ba, Talata kuwa ba ta fasa zuwa ba. Sai ta shiga wata ƙungiyar ta karɓo tana biyan ta farkon da shi. Da na je gaishe ta na tarar babu firjin da take sa zoɓo da kunun aya, turken akuyoyinta biyu ma wayam, igiyar ce kawai a ɗaure. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wai ita ke jin kunya, tana ce min "Hamma ni ce ban iya juya kuɗi ba." Matar da ta yi shekara goma tana juya kuɗi fa! Don Allah ku gaya min, wannan bashin da ake ta yi mana wa'azinsa a rediyo cewa shi zai fitar da mata daga talauci, wa ya fitar?

Maman_Ikram:
Wa alaikumus salam. Allah ya yaye wa Goggo. Amma Hamma ka tambaya wa ya fitar, to ni ya fitar gaskiya. Da dubu 50 na fara saro atamfa da mayafai ina bi gida-gida a Jekadafari da Herwagana, sau huɗu ina karɓa ina biya ban taɓa tsallake sati ba, yau ina da shago. Lokacin babu ɗan'uwan da ya yarda ya ranta min ko sisi, babban banki kuwa ko ƙofar ba a bari irina ta wuce. Kar a yi musu kuɗin goro.

Dan_Tudun_Hatsi:
Adda Maman Ikram, tambaya ɗaya. Ku nawa ne a ƙungiyarku da kuka fara, kuma nawa ne suke da shago yanzu?

Maman_Ikram:
Mu goma sha biyu ne. Mu biyu ne muka tsaya da ƙafarmu, wasu suna nan yadda suke, uku kam sun sha wuya ba zan ɓoye ba, ɗaya ma garin ta bari.

Sitidan_Pantami:
To ai kin ba da amsar da masu bincike suka ba da. Amma bari in fara da lissafin Goggo saboda nan ne ake rufe wa iyayenmu ido. Ana ce mata ruwan dubu 20 ne kawai a kan dubu 100, sai ta ga ai ba yawa. Amma dubu 85 ta riƙe, kuma tun sati na farko ta fara mayarwa, kafin a je rabin lokaci rabin kuɗin ya bar hannunta amma ruwan da aka yanka mata na cikakkiyar dubu 100 ne daga farko har ƙarshe. In ka haɗa ruwan da kuɗin fom ka auna da abin da yake hannunta da gaske, ka miƙe shi zuwa shekara, ya haura 100 bisa 100. Wace sana'a ce ta halal a Gombe take ba da wannan ribar har a ci a sha a ciki? Awara?
Asalin abin daga Bangaladash ya fito. Wani malamin jami'a Muhammad Yunus a 1976 ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra, daga nan aka kafa bankin Grameen a 1983, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2005 a matsayin shekarar ƙananan rance, a 2006 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Niyyarsa kyakkyawa ce, yana so ya raba mata da masu ba da bashi da ruwa mai tsanani. Amma da manyan masu jari suka ga akwai riba sai suka shigo. A Meziko wani banki Compartamos da ke karɓar ruwa kusan 100 bisa 100 ya sayar da hannun jari a 2007 masu shi suka kwashi miliyoyin daloli, har shi Yunus ɗin ya fito ya soke su. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010 mutane suka riƙa kashe kansu saboda matsin masu karɓar bashi sai da gwamnatin jihar ta kafa doka ta taka musu birki. A 2015 aka fitar da sakamakon bincike guda shida da aka yi a Indiya, Habasha, Maroko, Meziko, Mongoliya da Bosniya, duk abu ɗaya suka nuna, wasu sun ɗan faɗaɗa sana'a amma kuɗin shigar yawancin gidaje bai canza ba. Waɗanda suka fi amfana su ne masu sana'a mai tafiya tun kafin bashin, irin su Maman Ikram kenan.

Bappa_Akawu:
Ɗana Sitidan lissafinka daidai ne, ni na yi wannan aikin shekara bakwai kafin in ajiye, ba zan faɗi sunan wurin ba. Amma bari in faɗi ɗaya ɓangaren don adalci. Ba da bashin dubu 50 ga mutum ɗari ya fi ba mutum ɗaya miliyan 5 tsada nesa ba kusa ba, sai ka ɗauki ma'aikaci, ka saya masa babur, ka zuba mai, ya bi unguwa-unguwa kowane sati. Shi kansa bankin ranto kuɗin yake da ruwa, a ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa 27.5 bisa 100, hauhawar farashi kuma ta wuce 34. To in ka ba da bashi da ruwa 20 a shekara ai asara kake. Ba kowa ne azzalumi a cikinsu ba.
Abin da ya sa na bari daban ne. Ana ɗora mana adadi, a wata sai ka kawo sababbin mutane kaza, kuma kar a ga ko naira ɗaya ta makara a littafinka in ba haka ba a albashinka za a cire. Ranar zama mukan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro, dokar ita ce ba wadda za ta tashi sai kuɗin ƙungiya sun cika. In mace ɗaya ba ta kawo ba sauran sha ɗaya suna zaune, rana tana yi, yara suna kuka a baya, tuwon rana ba a ɗora ba. Ni ba sai na ce komai ba, su da kansu za su tashi su je gidanta. Wata rana da idona na ga sun fito da keken ɗinkin wata, tana biye da su ba mayafi tana roƙo, ni kuma ina kan benci da biro a hannu ina jiran a cika min lissafi. Daren nan ban yi barci ba. Wata uku bayan nan na rubuta takardar ajiye aiki.

Ummu_Sultan:
Innalillahi. Wallahi haka ake yi, a layinmu zumuncin shekara ashirin ya mutu a kan dubu 4.

Alhaji_Sabon_Layi:
Ni fa zan faɗi wadda ba a so. In ɓera da sata daddawa ma da wari. Mata nawa ne suke karɓar kuɗin nan su sa a sana'a? Wata anko za ta yi, wata gara, wata kayan ɗakin 'ya, wata gudummawar biki don kar a raina ta. Ka ci bashin sana'a ka yi biki da shi sannan ka ce banki ya zalunce ka? Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ga bashin korona na 2020 da na manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, mutane da yawa cewa suka yi rabonsu ne na arzikin ƙasa suka ƙi biya. Halinmu ma sai mun gyara.

Ummu_Sultan:
Alhaji da girmanka, akwai masu yin haka ban musa ba, amma ka zo ka zauna da mu ka ji. Mafi yawa ba anko ba ne, magani ne, kuɗin makaranta ne, kuɗin haya ne, awo ne. Sannan akwai wadda ba a faɗa, mace ce ke dangwala hannu amma maigida ne ke karɓe kuɗin. Ƙawata mijinta ya lallaɓa ta ta karɓo ya ce zai gyara babur ɗinsa na acaɓa yana ba ta na sati, ya ba ta sau uku ya daina, ranar zama kuma ita ake nema, shi yana majalisa ba wanda ya san da shi.

Dan_Tudun_Hatsi:
Kuma Alhaji in maganar ƙin biyan bashi ce a fara daga sama mana. A 2010 gwamnati ta kafa AMCON musamman don ta saye rubabbun basussukan da manya suka ci a bankuna suka ƙi biya, tiriliyoyin naira. Wa ya je gidansu ya fito da keken ɗinki?

Malam_Na_Kumo:
Jama'a a yi haƙuri da juna. Ni abin da ya ba ni mamaki har yanzu ba wanda ya kira abin da sunansa. Riba ce. Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, kuma a cikin Baƙara ɗin dai aka ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Ku kwatanta wannan da tabarmar da Bappa ya ba mu labari. Amma laifin ba na matan kaɗai ba ne, namu ne mu da muke wa'azi da masu kuɗinmu. Mun ce musu haramun ne, to ina halal ɗin da muka tanadar musu? Ina zakkar da in aka ba mutum zai yi jari da ita ba a raba dubu bibbiyu a ƙofar gida ana turereniya ba? Ina wakafi? Ina rance na don Allah? Tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki ba ruwa, wasu ma sun biyo baya, amma mai awara ba ta san hanyar ba kuma ba na jin an gina su don ita.

Baba_BCGA:
Yara kuna ta magana a kan reshe kun bar saiwa. Ni shekarata 68, bari in ba ku abin da na gani. Unguwar da nake zaune, BCGA, sunanta ma daga kamfanin auduga na Turawa ta samo shi, saboda Gombe garin auduga ce, tun farkon shekarun 1960 jirgin ƙasa yake zuwa yana kwasa. Manomi ya san farashinsa tun kafin ya shuka domin akwai hukumar sayen auduga, akwai injin gurza, Kaduna kuma masaƙu suna jira, dubban mutane suna shiga aiki safe da dare. A Bauchi ga Steyr ana haɗa tarakta da manyan motoci. Ba na cewa lokacin aljanna ne, hukumar ma takan danne manomi a farashi, amma akwai aiki, akwai albashi, kuma mai albashi shi ne mai sayen ƙosai.
A 1985 Babangida ya ce a yi muhawara kan bashin IMF, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya, 'yan ƙasa suka ce ba sa so, ya ce an ƙi. A 1986 sai ga SAP, shirin sauya fasalin tattalin arziki, sharuɗɗan nan dai da aka ce an ƙi su ne aka shigo da su ta taga. Aka karya darajar naira, wadda da take kafaɗa da kafaɗa da dala ta koma wajen naira 4, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka fara janye tallafi, aka fara sayar da kamfanonin gwamnati, aka buɗe ƙofa kaya suka yi ta kwararowa daga waje har masaƙunmu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. A 1989 ɗalibai suka yi bore a kan SAP. To ku lura da kyau, a wannan shekarar ce aka kafa People's Bank na ba talakawa ƙananan rance, a 1990 aka kawo bankunan al'umma, a 2005 aka fito da tsarin mayar da su maikurofainans, wato ƙananan bankunan nan masu ba da ƙaramin rance. Kun ga yadda abin yake tafiya tare? A karɓe maka aiki da hannun dama a miƙo maka bashi da hagu a ce je ka zama ɗan kasuwa.

Sitidan_Pantami:
Baba Allah ya ƙara lafiya, wannan shi ne abin da a makaranta ake kira niyolibaralizim, wato a sakar wa kasuwa mara, gwamnati ta janye hannunta daga komai. Zamanin Thatcher a Ingila da Reagan a Amurka ya yi ƙarfi, Bankin Duniya da IMF suka ɗora wa ƙasashen Afirka shi a matsayin sharaɗin bashi. Abin da ya sa masu wannan aƙidar suke son ƙaramin rance shi ne ba ya tambayar kowa komai. Ba ya tambayar me ya sa ba wuta, me ya sa asibiti sai da kuɗi, ina kuɗin mai ya tafi. Yana cewa ne talauci matsalarki ce ke kaɗai, ga dubu 100 ki magance. In kin faɗi ke ce ba ki iya ba. Kun ji fa abin da Goggon Hamma ta faɗa da bakinta.

Injiniya_Tunfure:
A'a Baba, a nan kam ban bi ku ba. Kun manta zamanin NITEL, kamfanin waya na gwamnati? Layin waya sai mai hanya, sai ka shekara kana jira. Da aka buɗe wa 'yan kasuwa a 2001 yau ga waya a hannun mai tallan goro, da ita ma muke wannan muhawarar. Kamfanonin gwamnatin nan ba IMF ce ta cinye su ba, mu muka cinye su, kowa ya samu kujera ya ɗebo 'yan garinsu ya zuba. Tallafin mai kuma wa yake ci? Masu fasa-ƙwauri da masu takardun bogi. Ba kasuwa ce matsalarmu ba, sata ce. Ko wane tsari ka kawo in ɓarayi ne a kai haka zai ƙare.

Baba_BCGA:
Injiniya maganar waya na ba ka gaskiya. To wutar lantarki fa? A 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba ta, shekara nawa kenan, firjin Goggo awa nawa yake samun wuta a rana kafin ta sayar? In ɓarawo ya shiga gida ai ɓarawon ake kora, ba a sayar wa abokinsa gidan ba.

Dan_Tudun_Hatsi:
Kuma tallafin da aka cire ranar 29 ga Mayu 2023 mu a kasuwa muka ga abin da ya yi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1000, dala daga wajen 460 ta wuce 1500. Kuɗin ɗauko buhu daga Dukku ko Bajoga ya ninka ya sake ninkawa. Wadda ta karɓi dubu 100 tana sayen buhun wake, kafin ta gama biya kuɗin ba ya sayen abin da ya saya da farko, ga jari yana narkewa ga ruwa yana hawa. Sannan abin da ba a lura da shi, bashi yana ƙara masu sayarwa ne ba ya ƙara masu saye. Layinmu da masu awara biyu ne, yanzu bakwai, duk 'yan ƙungiya ɗaya, yaran da ke saye kuma su ne dai ba su ƙaru ba, kuɗin hannunsu ma raguwa ya yi. Kowacce sai ƙara girman yanka take don ta ja ciniki, ribar ta tafi.

Manomi_Dadin_Kowa:
Mu manoma ma ba a yi wannan bashin don mu ba. Shinkafa wata huɗu take kafin ka ga ƙwaya, ta yaya zan biya sati-sati? Dole muke komawa wajen 'yan kasuwa su ba ka taki da damina ka biya da buhu da kaka a farashin da suka yanka, lokacin da kaya ya fi arha. An gudu ba a tsira ba. Ga madatsar ruwa a gabanmu, a gyara mana hanyoyin ruwa a sauƙaƙa taki a ga in za mu nemi bashin kowa.

Zee_Arawa:
Ku bar na ƙungiya ma, na waya fa? Ƙanina ya karɓi dubu 15 a wata manhaja, ya makara kwana huɗu, wallahi duk lambobin da ke wayarsa sai da aka tura musu saƙo da hotonsa wai ɓarawo ne, har surukinsa da limamin unguwa. Yaron nan sati biyu bai fita masallaci ba.

Injiniya_Tunfure:
Wannan kam ta'addanci ne, kuma tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta fara rufe irinsu, a riƙa kai ƙara. Amma kun ga wannan rashin doka ne, ba laifin bashi ba. Ni har yanzu ina kan bakana, in aka hana bashin gaba ɗaya matan nan wajen masu ba da dubu 10 a dawo da 13 a wata za su koma, waɗanda ba su da rajista ba su da ofis.

Hamma_Bolari:
Injiniya ni ban ce a hana ba. Tambayata ita ce a daina kiransa maganin talauci. A kira shi bashi kawai, mai tsada, wanda zai iya yi wa mai shago amfani ya kuma iya karya mai kasko. Amma gwamnati ta zo ta raba dubu 10 ta TraderMoni a 2018 a kasuwanni a ce an yaƙi talauci, sannan a 2022 hukumar ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da yawa, kuma abin da aka auna har da rashin ruwa mai kyau, makaranta, asibiti da makamashin girki. Wanne ne a ciki dubu 10 za ta gyara? Da an duba jikan Goggo kyauta a asibiti da yau akuyoyinta suna nan.

Mama_Rifkatu_Kaltungo:
Sannunku 'yan'uwa, tun ɗazu nake karantawa. Ina so in faɗi abin da muke yi a wajenmu ko zai amfani wani. Mu 25 ne, yawanci daga zumuntar mata amma akwai maƙwabtanmu Musulmi guda shida a ciki. Muna da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban, akwatin kuma yana gidan ta huɗu, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Duk sati kowa ta zuba abin da ta iya, mai buƙata ta ranta daga ciki, akwai kuma ɗan asusu na daban na rashin lafiya da rasuwa wanda ba bashi ba ne, taimako ne. Ƙarshen shekara kafin Kirsimeti mu fasa mu raba. In ma an ɗora wani abu a kan rancen cikin akwatinmu yake komawa ba ya tafiya Legas. Na taɓa makara wata biyu lokacin da maigidana ya yi haɗari, ba wadda ta zo ƙofata sai da kwanon abinci.

Sitidan_Pantami:
Mama wannan tsarin a ƙasar Hausa ma aka haife shi, a Nijar ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, daga adashen iyayenmu aka ɗauko, yanzu ya bazu ƙasashe da yawa. Akwai kuma wani da ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta fito da shi don waɗanda suka fi kowa talauci, ba bashi ake ba su ba, kyautar akuya ko saniya ake ba su da horo da ɗan kuɗin abinci na wasu watanni don kar yunwa ta sa su sayar, kuma binciken da aka yi a ƙasashe shida har da Ghana da Habasha ya nuna yana da tasiri. Amma duk da haka ban san ƙasar da ta fita daga talauci da akwati ko da bashin sati ba. Koriya ta Kudu da Sin masana'antu suka gina, gwamnati ta tsaya a kai, ta zuba kuɗi a ilimi da wuta da noma.

Malam_Na_Kumo:
Tsarin akwatin yana da kyau, sai dai ga Musulmi a cire ƙarin da ake ɗorawa a kan rancen, ko a mayar da shi ciniki, ƙungiya ta sayi buhun waken ta sayar wa mai buƙata da riba sananniya ta biya a hankali. Wannan ya halatta.

Alhaji_Sabon_Layi:
Adashe ma ai ana gudu da shi, uwar adashe nawa muka ji ta ɓace. Ni dai ina nan a kan cewa sai mutum ya san abin da zai iya kafin ya dangwala hannu. Amma labarin keken ɗinkin nan ya dame ni, ban san haka ake yi ba. Hamma nawa ya rage wa Goggo?

Hamma_Bolari:
Na farkon saura sati uku, dubu 15. Na biyun ne mai yawa, shi saura dubu 48. Mun yi magana da 'yan'uwa jiya kowa zai kawo abin da ya samu mu rufe na farkon gobe Talata in sha Allah, na biyun kuma mu riƙa karɓa-karɓa. Matsalar ita ce jiya ma'aikaciyar ta kira ta tana cewa tunda ta kusa gamawa ta cancanci dubu 150 a zagaye na gaba, kuma na ga Goggo ta fara tunani, wai da shi za ta dawo da firji.

Maman_Ikram:
Kar ku bari ta karɓa Hamma, ni da na ci moriyarsa nake faɗa maka. Mai bashi biyu ba ta ƙara na uku. In firji ne a haɗa mata na hannu a hankali. Ka turo min saƙo ta gefe, ina da wadda take neman mai kawo mata awara kullum a makarantar yara.

Bappa_Akawu:
Ɗana in kun je goben ku tafi da katinta na biya, ku tabbatar an sa hannu a kowane layi an rubuta an gama. Sannan ku nemi dubu 10 ɗin ajiyarta a ba ta a hannu ko a tura mata a asusu, haƙƙinta ne, kar ku yarda a ce an juya ta zuwa sabon zagaye domin da wannan ake riƙe mutane. Ka raka ta da kanka, kar ta je ita kaɗai.